Hawa 31 na Kami Rita Sherpa: me wannan adadi yake nufi?

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tattauna a kan wani mutum da sunansa yake fitowa a labarai kusan kowane watan Mayu, a ambace shi a layi biyu a wuce, wato Kami Rita Sherpa na ƙasar Nepal. Ranar 27 ga Mayun 2025 ya taka ƙololuwar tsaunin Everest karo na 31, adadin da babu mahalukin da ya kai shi kafin wannan rana. Tsayin tsaunin mita 8,848.86 ne bisa awon da Nepal da Sin suka sanar tare a Disambar 2020. Domin mu kwatanta da abin da muka sani, Chappal Waddi da ke jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, alhali ƙauyen Thame, inda aka haifi Kami Rita a 1970, yana zaune ne a kan kimanin mita 3,800.

Hawan tsauni gado ne a gidansu. Mahaifinsa yana cikin mutanen farko na yankin Khumbu, a gindin Everest, da suka riƙi yi wa baƙi jagora a matsayin sana'a bayan Nepal ta buɗe ƙofarta ga mahaya a wajen 1950, kuma yayansa, Lakpa Rita, ya hau Everest sau 17. Shi kansa Kami Rita ya faro ne daga ƙasa, da dakon kaya da taimakon masu girki a sansani, sannan ya kai ƙololuwa karon farko a Mayun 1994 yana ɗan shekara 24. A 2018 ya yi hawa na 22, ya zarce Apa Sherpa da Phurba Tashi, waɗanda kowannensu ya tsaya a 21. A 2019 da 2023 da 2024 ya riƙa hawa sau biyu a cikin wata guda.

Abin da ya dame ni shi ne yadda ake ba da labarinsa tamkar ɗan wasa mai tara kofuna. Mutumin nan ma'aikaci ne. Duk hawan da ya yi, wani ne ya ɗauke shi aiki, ko dai ya shimfiɗa wa jama'a hanya, ko ya kai baƙon da ya biya kuɗi sama ya dawo da shi da rai. Hawa na 31 ma ayarin sojojin Indiya ya jagoranta. Shi da bakinsa ya sha faɗa wa 'yan jarida cewa aikinsa yake yi, ba don kafa tarihi ya shiga harkar ba. A ganina, duk mai son fahimtar wannan adadi sai ya ƙirga shi a matsayin shekaru fiye da talatin na neman abinci a wuri mafi haɗari, kuma ina so in ji ra'ayinku.

Auwalu: Wa alaikumus salam, Malam. Ina da tambaya guda biyu. Na daɗe ina ɗauka cewa Sherpa sunan sana'ar dakon kaya a kan tsauni ne, sai kuma na ga kowa a cikinsu yana ɗauke da sunan. Na biyu, na sha jin ana cewa jikinsu daban ne da na sauran mutane, tsayin ba ya wahalar da su. Idan haka ne, ashe abin ba zai zama jarumta kamar yadda ake zuzutawa ba, tunda halitta ce.

Dakta Nura: Auwalu, Sherpa ƙabila ce mai harshenta da addininta na Buda, kuma kakanninsu sun ƙetaro ne daga gabashin Tibet kimanin shekara 500 zuwa 600 da suka wuce, suka zauna a kwarurukan da ke kudu da Everest suna kiwon shanun tsauni da noma da fatauci. Akwai malaman makaranta da likitoci da 'yan kasuwa a cikinsu, kamar yadda kuma akwai masu aikin tsauni daga wasu ƙabilun Nepal irin su Tamang da Rai da Gurung.

Batun jiki kuwa akwai gaskiya a ciki, amma ana ƙara masa gishiri. A ƙololuwar Everest, iskar oksijin da mutum yake samu a kowane numfashi kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta wadda yake samu a bakin teku. Idan ɗan ƙasa mai kwari ya hau sama, jikinsa yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini domin ya cike giɓin, sai jinin ya yi kauri, zuciya ta sha wahalar tura shi. Mutanen da zuriyarsu ta daɗe a tudun Tibet jikinsu ba ya bin wannan hanya sosai. Jini yana ratsa ƙananan jijiyoyinsu cikin sauƙi, kuma binciken da masana na jami'ar Cambridge suka wallafa a 2017 ya nuna cewa tsokarsu ta fi iya cin moriyar ɗan oksijin da ta samu. Wannan baiwa ce daga Allah, ba a musu.

Sai dai baiwar tana da iyaka. Daga mita 8,000 zuwa sama babu jikin ɗan Adam da yake sabawa, kowa ƙarewa yake yi a hankali. Sherpa ma yakan kamu da taruwar ruwa a huhu ko kumburin ƙwaƙwalwa, sanyi yakan cinye masa yatsu, kuma yawancinsu suna shaƙar oksijin na tukunya a ranar hawa. Ang Rita Sherpa, wanda ya hau sau 10 tsakanin 1983 da 1996 ba tare da tukunya ba, fitaccen mutum ne ko a cikinsu, shi ya sa har ya rasu a 2020 ana ambatonsa daban. Sannan abin da ya fi kashe ma'aikatan tsaunin shi ne zaftarewar ƙanƙara da faɗawa rami, kuma waɗannan babu ruwansu da irin jinin mutum. Babu Chiri Sherpa ya shafe awa 21 a ƙololuwa a 1999 ba tare da tukunya ba, amma a 2001 ramin ƙanƙara kusa da zango na biyu a hanyar hawa Everest ya zama ajalinsa.

Malam Isiyaku: Na karanta bayanin Malam Habibu da na Dakta, kuma ni raina bai kwanta da yabon da ake yi wa wannan sana'a ba. Mu an hore mu da kada mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu. Na san mutanen nan addininsu daban ne, ba kuma hukunci nake yanke musu ba, amma hankali ɗaya ne a ko'ina. Magidanci mai mata da 'ya'ya ya shiga wurin da ya san takwarorinsa sun mutu, ya fito lafiya, badi ya koma, ya yi haka fiye da shekara talatin. A farko a ce talauci ne ya tura shi, na yarda. To yanzu da ya yi suna, ya samu rufin asiri, ya haura shekara 55, me ya rage masa a can? Kuma wane amfani wannan hawa yake yi wa al'umma? Mai haƙa rijiya yana shiga haɗari, amma idan ya fito gari ya sha ruwa. Wannan kuwa idan an sauko sai hoto. Ina tsoron cewa yawan yabon da duniya take yi masa shi ne yake jan samarin ƙauyukansu zuwa inda iyayensu mata ba sa so su je.

Malam Habibu: Allah ya gafarta Malam, tambayarku tana da nauyi, kuma zan amsa ɓangaren amfani ta hanyar bayyana aikin kansa, domin yawancinmu ƙololuwa kawai muke gani a hoto.

Babban sansani na gefen Nepal yana kan mita 5,364. Tsakaninsa da zango na farko akwai wurin da ake kira gangaren ƙanƙarar Khumbu, inda daskararren kogi yake gangarowa daga kan tudu yana kakkaryewa. Ƙanƙarar tana motsi kullum, tana tsagewa ta bar ramuka masu zurfi, ga kuma curi-curinta tsaye a kan hanya, wasu sun kai tsayin bene mai hawa da yawa, ba wanda ya san ranar faɗuwarsu. A farkon kowace kakar hawa, wasu ƙwararru 'yan ƙasa da ake yi wa laƙabi da likitocin gangaren ƙanƙara, waɗanda kwamitin kula da tsabtar yankin Sagarmatha, wato sunan Everest a Nepal, yake ɗauka aiki, su ne suke fara shiga su nemo hanya, su kafa igiya, su gitta tsanin alminiyam a kan ramuka. Inda ramin ya yi faɗi sai a ɗaure tsani biyu ko uku baki da baki.

Ku dubi yadda ake ƙetarewa. Ana tashi tun tsakar dare, wajen ƙarfe biyu ko uku, domin a wuce kafin rana ta sassauta ƙanƙarar. Mutum yana sanye da takalmi mai haƙoran ƙarfe a tafinsa, fitila a goshi, kaya a baya. Idan ya zo tsani sai ya maƙala ƙugiyarsa a igiya, ya riƙe igiya ɗaya a kowane hannu, ya riƙa ɗora ƙafa yadda matakin tsanin zai shiga tsakanin haƙoran takalmin, tsanin yana lanƙwasawa a tsakiya, hasken fitilarsa kuma ba ya kaiwa ƙasan ramin. Baƙon da ya biya kuɗi yana ratsa wannan wuri sau kaɗan a duk tafiyarsa. Ma'aikaci kuwa sai ya yi ta kai da komo, wani har fiye da sau ashirin a kaka ɗaya, domin tantuna da abinci da gas ɗin girki da tukwanen oksijin duk a bayansa suke hawa, kowace tukunya kilo 3 zuwa 4, har zuwa zango na huɗu da ke kusa da mita 8,000.

Daga nan akwai ayarin da yake shimfiɗa igiya har ƙololuwa kafin kowa ya taka. Hawan Kami Rita na 25 a 2021 da na 26 a 2022, dukkansu ranar 7 ga Mayu, ya yi su ne yana madugun wannan ayari. Ɗaruruwan mutanen da suka biyo baya a waɗannan shekaru igiyarsa suka riƙe. Saboda haka, Malam, muddin gwamnati za ta ci gaba da sayar da izinin hawa, kasancewar gogaggen mutum irinsa a gaba tana rage yawan gawarwaki, har da na samarin da kuke tausayawa, domin a hannun irinsa suke koyon inda ake taka ƙafa da lokacin da ake juyawa.

Hajiya Rabi: Ni ina tare da Malam Isiyaku a rabin maganarsa, kuma ina so a tuna da matan da ake bari a gida. Da sanyin safiyar 18 ga Afrilun 2014, wani ƙaton curin ƙanƙara ya ɓalle daga kafaɗar yammacin Everest ya rufto a kan ma'aikatan da suke ratsa wannan gangare da Malam Habibu ya siffanta. Mutum 16 suka mutu, dukkansu 'yan Nepal, babu baƙo ko ɗaya, domin a wannan lokaci baƙi suna sansani ana kai musu kaya sama. An samo gawa 13, uku suna can cikin ƙanƙara ba a fito da su ba. Kamfanin Amurka da Kami Rita da yayansa suke yi wa aiki a lokacin ya rasa mutum biyar, kuma Lakpa Rita yana cikin waɗanda suka haura suka tono 'yan'uwansu.

Abin da gwamnati ta fara miƙa wa kowane iyali rufi 40,000 ne, kimanin dalar Amurka 400, alhali tana karɓar dubban daloli daga kowane baƙo guda. Wannan ne ya fusata ma'aikatan, suka ajiye aiki, kakar hawa ta wannan shekara ta watse. Sai bayan haka aka ɗaga kuɗin inshorar rai daga rufi miliyan 1 zuwa miliyan 1.5. Ku lissafa da kanku, mace mai 'ya'ya uku ko huɗu, a ƙauyen da komai sai an ɗauko shi a baya ko a jirgi, ga hidimar jana'iza irin ta al'adarsu mai cin kuɗi, shekara nawa wannan zai riƙe ta?

Shekara ɗaya bayan nan, ranar 25 ga Afrilun 2015, girgizar ƙasa ta kashe kusan mutum 9,000 a faɗin Nepal, ta kuma zubo ƙanƙara daga tsaunin Pumori a kan babban sansani. A Afrilun 2023 ma wasu ma'aikata uku sun rasu a gangaren Khumbu tun kafin baƙi su fara hawa. Lamarin kuma tsoho ne, domin mutanen farko da aka rubuta mutuwarsu a zaftarewar ƙanƙara a Everest 'yan dako bakwai ne na ayarin Birtaniya a 1922. Duk lokacin da na ga an rubuta 31 da manyan baƙaƙe, waɗannan matan nake tunawa.

Alhaji Mamman: Hajiya, Allah ya saka da alheri, duk abin da kika kawo gaskiya ne. Amma ni ɗan kasuwa ne, kuma ina so mu dubi lissafin da shi ma'aikacin yake yi kafin mu ce ya bari. Jagoran da ya ƙware yakan samu dala dubu kaɗan a cikin wata biyu na kakar hawa, ban da tukuicin da baƙo yake bayarwa idan an kai ƙololuwa, a ƙasar da matsakaicin abin da mutum yake samu a shekara bai kai dala 2,000 ba. A tsayin Thame abin da ƙasa take bayarwa dankali ne da ɗan sha'ir da abin da aka samu daga dabbobi. Idan saurayi ya ƙi tsauni, hanyar da ta fi buɗe masa ita ce ƙwadago a Katar ko Saudiyya ko Maleshiya, inda dubban 'yan Nepal suke, kuma can ma ana dawo da gawarwaki. Da kuɗin tsaunin nan aka gina masaukan baƙi a Namche Bazaar, babban garin Khumbu, da shi aka kai yara makarantun Katmandu, babban birnin ƙasar.

Sannan harkar ta sauya hannu. A da kamfanonin Turai da Amurka da Niyu Zilan ne suke karɓar kuɗin baƙo su ɗauki 'yan ƙasa aiki. Yanzu manyan kamfanonin da suka fi kawo mahaya na 'yan Nepal ne. Seven Summit Treks, wanda Kami Rita yake aiki da shi a shekarun nan, Mingma Sherpa da 'yan'uwansa ne suka kafa shi, kuma Mingma da kansa ya gama hawa duka tsaunuka 14 na duniya da suka haura mita 8,000 tun 2011. Wanda kakansa ya yi dako da ƙafa babu takalmin kirki yau shi ne mai kamfani yana hayar jirgi mai saukar ungulu. Wannan ci gaba ne, kuma sunan mutane irin su Kami Rita yana cikin jarin da ya kawo shi, domin baƙo yana biya ne saboda ya amince da wanda zai riƙe masa igiya.

Hajiya Rabi: Alhaji, mai kamfani ya zama ɗan ƙasa, na ji, amma wanda yake ratsa gangaren da tsakar dare har yanzu talaka ne. Gasar rage farashi tsakanin kamfanoni tana jawo baƙin da ba su da gogewa, kuma nauyinsu a kan ma'aikaci yake sauka. A 2023 Nepal ta ba da izini 478, kowanne a kan dala 11,000, kuma shekarar tana cikin mafi muni wajen asarar rayuka. An sanar da ɗaga kuɗin zuwa dala 15,000 daga Satumbar 2025. Tambayata ita ce, nawa ne daga wannan ƙari zai shiga asusun marayu da fanshon tsofaffin jagorori? Kami Rita da kansa ya sha kokawa cewa gwamnati ba ta kula da su yadda ya kamata.

Malama Zainab: Ina so in ƙara wani ɓangare da ba a taɓo ba, wato wanda ake rubuta sunansa idan an yi nasara. Ranar 29 ga Mayun 1953 mutum biyu suka fara taka ƙololuwar Everest, Edmund Hillary na Niyu Zilan da Tenzing Norgay, wanda shi ma ya yi ƙuruciyarsa a Thame. Tenzing ya fi kowa a ayarin sanin tsaunin, domin tun 1935 yake bin ayari zuwa can, kuma a 1952 shi da Raymond Lambert na Suwizalan sun kai kusan mita 8,600, inda ba a taɓa kaiwa ba a lokacin. Da aka sauko, Birtaniya ta ba Hillary da shugaban ayarin John Hunt sarautar Sir, shi kuwa Tenzing aka ba shi lambar yabo ta George. Adalci ne a faɗi cewa Hillary bai manta da mutanen ba, domin ya kafa makaranta a Khumjung a 1961 da asibiti a Kunde a 1966, kuma har ya mutu yana yi musu hidima. Amma tsarin da aka ɗora a lokacin, na a ambaci baƙo da sunansa a ce kuma yana tare da wasu Sherpa, ya daɗe bai gushe ba.

A Yulin 2023 Kristin Harila 'yar Norway ta kammala tsaunuka 14 cikin kwana 92, kuma kowane ɗaya daga cikinsu tare da Tenjen Lama Sherpa ta hau shi, tarihin nasu ne su biyu. Sunanta ya zaga duniya fiye da nasa nesa ba kusa ba. Wata uku ba su cika ba ya koma bakin aiki da wata baƙuwar, ƙanƙara ta rufta musu a tsaunin Shishapangma a watan Oktoba, ya rasu.

Shi ya sa ranar 16 ga Janairun 2021 take da girma a wurina. K2 da ke iyakar Pakistan da Sin shi ne kaɗai ya rage cikin manyan tsaunukan da ba a taɓa hawa a tsakiyar hunturu ba, bayan ayari da dama na ƙasashen waje sun gwada sun kasa. 'Yan Nepal goma, tara Sherpa da Nirmal Purja, suka haɗu daga ayari daban-daban, suka jira juna dab da ƙololuwa, sannan suka ƙarasa kafaɗa da kafaɗa suna rera taken ƙasarsu. Wannan hawa ba na baƙo ba ne, nasu ne. Don haka ban yarda gaba ɗaya da Malam Habibu cewa neman abinci ne kawai ba. Akwai alfahari da son a san su, kuma haƙƙinsu ne. Kada kuma a manta da matansu da suka hau da kansu, irin su Pasang Lhamu Sherpa, mace ta farko 'yar Nepal da ta kai ƙololuwar Everest a Afrilun 1993 ta kuma rasu a hanyar saukowa, da Lhakpa Sherpa wadda ta yi hawa na 10 a 2022.

Malam Isiyaku: Malama Zainab, maganarki ta ƙarshe ita ce ta ƙarfafa tsoron da nake ji. Idan alfahari da neman suna suka shiga, to gasa ta shiga. A Mayun 2023 Pasang Dawa Sherpa ya kamo Kami Rita a 26, shi kuma ya hau ya yi 27, wancan ya sake kamo shi, shi kuma ya koma cikin mako guda ya yi 28. Ko da kowannensu baƙo ya raka, idon duniya yana kansu yana ƙirgawa, kuma mutum ɗan tara ne bai cika goma ba. Na karɓi bayanin Malam Habibu cewa gogaggen jagora yana tsare rayuka, amma ban sauka daga ra'ayina ba cewa akwai lokacin da ya kamata dattijo ya koma sansani yana ba da umarni.

Auwalu: Baba Isiyaku, da izininku, akwai abin da na karanta da ya shafi tambayarku ta amfani. A wannan watan Mayu na 2023 da kuka ambata, wani matashin jagora mai suna Gelje Sherpa, ɗaya daga cikin goman nan na K2, yana kai baƙonsa ƙololuwa sai ya tarar da wani mahayi ɗan Maleshiya a kan kimanin mita 8,400, yana rawar sanyi shi kaɗai, ya kasa motsi. Ba baƙonsa ba ne. Gelje ya shawo kan nasa baƙon suka fasa hawan, ya naɗe mutumin a tabarmar kwana, ya ɗaure shi, ya goya shi a baya, wani wurin kuma ya ja shi a kan ƙanƙara, har kimanin awa shida kafin su kai zango na huɗu, inda wani jagoran ya kama masa. Mutumin ya rayu. A wannan tsayi da Dakta ya ce kowa ƙarewa yake yi, ɗaukar ƙato a baya abu ne da yawancin mahaya ba za su ko gwada ba. Na fahimci yanzu cewa halittar jiki kaɗai ba za ta sa mutum ya yi haka ba.

Dakta Nura: Haka ne, Auwalu. Ina kuma so a lura cewa su kansu ba sa ɗaukar tsaunin da wasa. Kafin kowa ya taka gangaren Khumbu sai an yi addu'a irin ta addininsu a sansani: a gina ɗan dandamali na duwatsu, a kafa sanda mai tutoci kala-kala, a ƙona ganyen wani itace mai ƙamshi, malamin addininsu ya yi karatu, ma'aikata su jingina gatarin ƙanƙara da takalman ƙarfe a jikin dandamalin, a watsa garin sha'ir sama. Suna kiran tsaunin Chomolungma, suna ganin girmansa, kuma kakanninsu ba su da al'adar hawa ƙololuwa kafin zuwan Turawa. Kami Rita ma ya yi zaman karatu a gidan ibadar Thame yana yaro kafin ya shiga dako.

Hajiya Rabi: Hujja mafi ƙarfi a wurina ita ce abin da manyan jagororin suke zaɓa wa 'ya'yansu. Apa Sherpa yana ɗan shekara 12 mahaifinsa ya rasu, ya bar makaranta ya shiga dako domin ya ciyar da gida. Ya hau Everest sau 21 tsakanin 1990 da 2011, amma tun 2006 ya kwashe iyalinsa zuwa jihar Utah ta Amurka saboda karatun yara, sannan ya kafa gidauniya mai tallafa wa makarantun yankinsu domin yaron Khumbu ya samu zaɓin da shi bai samu ba. Kami Rita ma ya faɗa a hirarraki cewa ba ya son 'ya'yansa su gaje shi. Mutanen da suka fi kowa sanin sana'ar, suka fi kowa cin moriyarta, su ne suke janye zuriyarsu daga cikinta. Sakamakon haka ma'aikata suna ƙara fitowa daga kwaruruka mafi talauci irin na yankin Makalu da Rolwaling, wato haɗarin yana komawa ne kan wanda bai da wata mafita.

Alhaji Mamman: Akwai abin da zai iya rage ratsa gangaren. A 2024 an gwada jirgi maras matuƙi yana ɗaukar tukwanen oksijin daga babban sansani zuwa zango na farko ya dawo da shara, kuma a 2025 an yi amfani da shi wajen kai wa masu shimfiɗa hanya tsani da igiya. Tafiyar da take cin mutum awanni a ƙafa, jirgin yana yin ta cikin 'yan mintoci. Damuwata a nan ita ce, yawancin ƙananan ma'aikata ana ƙara musu kuɗi ne bisa yawan kayan da suka kai sama, saboda haka idan na'ura ta karɓe dakon, dole a sake tsarin biyan, in ba haka ba an tsare ran mutum an kuma rage masa abinci.

Malam Habibu: Wannan gyara ne da ya kamata ƙungiyoyin jagorori su tsaya a kansa tun yanzu, Alhaji, kafin kamfanoni su saba da sabon lissafi. Malama Zainab kuma, na ji hujjarki ta K2, sai dai har yanzu ina ganin bambanci tsakanin wannan rana guda da suka hau don kansu da sauran ranakun aiki. Akwai kuma wata barazana da ba ta jira mutum ya hau tsauni ba. Ranar 16 ga Agustan 2024 tafkin narkakkiyar ƙanƙara da ke sama da Thame ya fashe, ambaliya ta ratsa ƙauyen ta tafi da gidaje da masaukan baƙi da makaranta da ɗakin shan magani. Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba, domin da rana abin ya faru, mutane suka samu suka gudu tudu. Ɗumamar yanayi tana narkar da ƙanƙarar Himalaya, tafkuna irin wannan suna ƙaruwa, kuma gangaren Khumbu kansa yana ƙara zama marar tabbas ga masu kafa tsani. Hajiya Rabi, ina ganin tambayarki ta ina ƙarin dala 4,000 na kowane izini zai tafi ta haɗa har da sake gina irin waɗannan ƙauyuka, kuma zan so Dakta ya yi mana bayanin irin lalurorin da jagora yake fama da su bayan ya ajiye aiki, domin a nan ne batun fansho zai fi fitowa fili.